Ƙudan Zuma A Cikin Jita

Ranar da na kwashi adashena ban ko biya ta gida ba. Daga shagon ɗab'in da nake aiki a Tudun Wada na tari keke, na haye gada na nufi kudancin gari, kuɗin na aljihun wando, hannuna na kai. Wanda ya san Kaduna ya san kayan kiɗan zamani sun fi yawa a tsallaken kogi, wajen Barnawa da Kakuri da Sabon Tasha, domin majami'u ne manyan masu sayensu. A namu ɓangaren in ka leƙa situdiyo fiyano za ka tarar, galibi Yamaha, shi ne ganga, shi ne sarewa, shi ne kalangu. Jita ma sai dai a latso ta daga cikinsa.

Wanda ya jefa ni cikin wannan sha'ani wani Ba'abzine ne, mutumin Agadas, mai gadi a wani gida a Unguwar Rimi inda nakan kai katunan biki. Kullum butar shayinsa na kan gawayi, ƙaramar rediyonsa mai katin memori na gefe. A wurinsa na fara jin makaɗan jitar Abzinawa, Tinariwen da Bombino da Mdou Moctar, kuma tun jin farko na ce a raina wannan ai garaya ce aka jona wa wuta. Yana da wata tsohuwar jitar katako da ta tsage a gindi, a kanta na shekara ina koyo, duk Lahadi da yamma. Shi ya ba ni labarin cewa Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Na ce to ni mai adashe ai ba ni da uzuri.

Wadda na saya ta hannu ce, baƙa mai farin ƙirji. Mai shagon bai ɓoye min ba, ya ce kwafi ce ta ƙirar Stratocaster, wadda Leo Fender ya fitar a Amurka a 1954 kuma har gobe ake kwaikwayonta a ko'ina: fikof uku masu ɗauko sauti a jere ƙarƙashin tsirkiyoyi, makunni mai zango biyar, maɓallan murɗawa uku, da 'yar sandar girgiza sauti a gindi. Na haɗa da ƙaramar amfilifaya mai wat 15 da lasifika inci 8. Ita daga Amurka ta zo, wutarta bolt 120 ce, tamu kuwa 230, saboda haka ya haɗa min da taransifomar rage wuta, ya kuma ja min kunne: "Malam, ranar da ka jona ta kai tsaye a bango hayaƙi za ka gani, kada ka dawo min." A shagon na ɗan kaɗa na ji garau. Ga janareta na ruri a bakin ƙofa, ga maƙwabcinsa na gwada manyan lasifikoki, ina zan ji wani aibu?

Sai bayan isha'i, unguwa ta yi tsit, aka kuma yi sa'a akwai wuta. Na jona komai na murɗa ƙara. Ban taɓa ko tsirkiya ɗaya ba ɗakin ya cika da wani irin ƙugi, zuuu, kamar an tsokano amya. Daga tsakar gida Umma ta ɗaga murya: "Kai, wai injin markaɗe ka sayo mana da kuɗin adashen?" Dama ba son abin take ba, a ganinta ɗan gidan malamai ba ya riƙe kayan maroƙa. Na kashe na kwanta, barci ya ce bai san zancen ba.

Kwana biyu na yi ina kallon YouTube, inda kowa ke da allo cike da fedoji a gabansa, na yanke wa kaina cewa abin da na rasa feda ce. Feda ƙaramin akwatin ƙarfe ne da ake sawa tsakanin jita da amfilifaya, ka taka da ƙafa ta sauya sauti. Akwai mai sa kaushi, akwai mai amsa-kuwwa, akwai ma wadda ake ce wa wawa, sunan da ba zai daina ba Bahaushe dariya ba, ko da yake daga kukan da take yi ya samo asali. Na ci bashin rabin albashi na sayo wata koriya, kwafin Tube Screamer da Ibanez na Japan suka fitar a 1979. Ina takawa ƙudan zuman suka ninka. Dole ma su ninka. Aikin irin wannan feda shi ne ta ƙara wa duk abin da ya shigo ta ƙarfi har ya fara dakushewa, ba ta kuma san bambancin kiɗa da ƙugi ba.

Batirinta mai bolt 9 ya mutu cikin kwana uku, don ban san barin waya a ramin shigarta daidai yake da barin ta a kunne ba. Na duba na ga adaftar dikodarmu ta shige ramin wutar daram, kamar don ita aka yi. Na jona. Wani ɗan ƙauri ya tashi, fitilar fedar ta mutu. Washegari na tattara komai, jita da amfilifaya da taransifoma da gawar feda, sai Panteka.

Tsohuwar Panteka, nan kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha, wuri ne da abin da aka yar a gari ke zuwa ya sami rai na biyu. Can cikin lungu, bayan masu ƙera murhu da masu walda, akwai wani tsoho mai gyaran rediyo da mahaifina ke kai wa aiki tun ina ƙarami. Baba kowa ke ce masa. Na durƙusa na gaishe shi, na zube kayan. Ya juya jitar gaba da baya, ya ce, "Ɗana, ni ban san kiɗa ba. Amma in dai wuta ke bi ta ciki, to maganarmu ce."

Fedar ya fara buɗewa. Ya karanta jikin adaftar, ya nuna min ɗan zanen da ke ƙasan rubutun: bolt 12, fozitib a tsakiyar fulogi. Ya nuna min na jikin fedar: bolt 9, nagatib a tsakiya. "Ka ba ta abincin da ya fi cikinta," in ji shi, "ka kuma ɗura mata ta hanci." Daga baya na gane yawancin fedoji a kan wannan tsari suke, nagatib a tsakiya, wanda kamfanin fedoji na Boss ya yaɗa, alhali adaftocin kayan gida galibi akasin haka ne. Allah ya rufa asiri, akwai wani ɗan diyod a bakin shigar wuta da aka sa domin irin wannan wauta, shi ya ƙone ya tare wa sauran. Baba ya ciro irinsa daga gawar wata talabijin ya like da dalma. Ko minti goma bai yi ba.

Sai jita. Ya jona ta, ƙugin ya tashi. Ya ce in dafa tsirkiyoyi. Na dafa, babu abin da ya sauya. Ya ce in taɓa ƙarfen ramin da waya ke shiga. Ina taɓawa ƙugin ya ja baya sosai. Ya gyaɗa kai ya ce, "Atin ɗinta ya tsinke." Atin dai shi ne hanyar da wutar da ba a so ke bi ta zurare ƙasa. Baba ya kwance murfin baya, inda sifirin uku ke riƙe da jaki, jaki dai kamar yadda masu goge ke kiran abin da tsirkiya ke hawa, sai ga wata 'yar baƙar waya tana reto, ta rabu da ƙarfen da sifirin ɗin ke maƙale a jiki. Ya yi min bayani yana hura ƙura: jikin mutum kamar eriya yake, yana tara hayaniyar wutar da ke ɗaki ya miƙa wa jita. Wannan 'yar waya ita ke haɗa tsirkiyoyi da atin, ta yadda da ka dafa su hayaniyar jikinka za ta zurare. Ya kankare ƙarfen da wuƙa, ya daɗe yana gasa shi domin kauri gare shi ba ya saurin ɗaukar zafi, sannan ya like.

Da ya ɗaga farin ƙirjin ne na fara ganin cikin abin da na saya. Kowane fikof maganaɗisu shida ne a tsaye, ɗaya ƙarƙashin kowace tsirkiya, an naɗe su da wayar jan ƙarfe siririya kamar gashi, naɗi wajen dubu 8. Tsirkiyar ƙarfe in ta girgiza a cikin jan maganaɗisun sai 'yar wuta ta samu a cikin naɗin, ita ce amfilifaya ke girmamawa ta zama sauti. Baba ya auna su da mita, kowanne ya ba da kusan om dubu 6, ya ce lafiyarsu ƙalau. "Sai dai duk naɗin waya kunne ne, ba ya zaɓen abin da zai ji." Wutar Najeriya sau 50 take kai-komo a daƙiƙa, ta Amurka sau 60, kuma taransifoma da fanka da firji duk suna watsa wannan bugun a kewayensu. Ya ɗauki taransifomata ya matso da ita kusa da jitar, ƙugin ya yi sama. Ya ja ta baya taku uku, ya faɗi. Na yi shiru. A ɗakina a kan gado nake ajiye ta, dab da cinyata.

Matsalar tsohuwa ce. Tun 1955 wani injiniyan kamfanin jita na Gibson, Seth Lover, ya yi mata magani da jera naɗi biyu kafaɗa da kafaɗa, ɗaya a juye, ƙugin wannan ya cinye na wancan, kiɗan kuma ya haɗu. Hambaka ake ce wa irin wannan fikof. Sautinsa ya fi kauri, amma ba shi da wannan tsinin da ya sa na so kiɗan Abzinawa. Ƙirar tawa ma tana iya samun rabin dabarar: in fikof na tsakiya a juye aka naɗa shi, maganaɗisunsa kuma a kife, to zango na biyu da na huɗu na makunni, inda fikof biyu ke aiki tare, suna kashe ƙugi. Na gaya wa Baba abin da na karanta. Ya laluba aljihun 'yar-shararsa ya ciro kamfas ɗin da yake duba alƙibla da shi, ya kara a kan kowane fikof. A na farko da na ƙarshe allurar gefe ɗaya ta nuna, a na tsakiya ta wuntsila. Muka tura makunni zango na huɗu, ƙugin ya kwanta kamar an yayyafa masa ruwa.

Kuɗin goro kawai ya karɓa, ya ba ni aikin gida biyu.

Na farko, in lulluɓe ramukan cikin jitar da bayan farin ƙirjin da ƙarfe. Tef ɗin jan ƙarfe ya fi, don yana karɓar dalma, amma ban samu ba, sai na sayi takardar alminiyam irin ta masu gasa kifi da gam. Yanka da liƙi sana'ata ce, saboda haka na yi shi tsaf, har ina jin kaina. Sharaɗin shi ne kowane yanki ya taɓa ɗan'uwansa ƙarfe da ƙarfe ba gam a tsakani, shi ya sa na riƙa naɗe bakin kowanne, sannan dukkansu su haɗu da atin ta jikin maɓallin ƙara. Na aro mita ina dangwala kusurwa da kusurwa tana yi min tii. Na rufe, na ɗaura tsirkiyoyi, na jona. Tsit. Na yi murnar daƙiƙa biyar, sannan na kaɗa na ji kiɗan ma tsit. Ashe bakin fulogin yana taɓa alminiyam ɗin da na shimfiɗa a ramin da waya ke shiga, duk sautin na bin atin yana tafiya. Na sake kwancewa da tsakar dare na manna baƙin tef a wurin. Wannan karon kiɗa ya fito, kuma siririyar tsatsar nan da ƙwan fitila da cajar waya ke jawowa ta kusa ɓacewa. Ƙugin ƙasa-ƙasa na taransifoma kam alminiyam ba ya tare shi, shi sai nisa da juya jiki.

Na biyun ya fi na farko nauyi. Soket ɗin ɗakina ido uku gare shi kamar na kowa, amma da mai gyaran wuta ya buɗe, babu waya a idon sama, tun da aka gina gidan haka yake. Baba ya riga ya gargaɗe ni cewa yanzu da tsirkiyoyi suka haɗu da jikin amfilifaya, in wata rana wuta ta zubo a jikinta babu atin, ta hannuna za ta nemi ƙasa. Kuma ba barazana ba ce. A 1972 wani makaɗin jita ɗan Sikotilan, Leslie Harvey, ya mutu a kan dandamali a Swansea da ya taɓa makirfon da ba shi da atin. Muka haƙa rami a bayan ɗaki, aka kafa sandar jan ƙarfe, aka zuba gawayi da gishiri, aka ja waya zuwa soket, aka kuma tabbatar atin ɗin ya ratsa taransifomar ya isa amfilifaya. Umma da ta leƙo ta ga ana haƙa ta ce ita dai ba ta taɓa ganin kiɗan da sai an gina masa rijiya ba.

Da ƙugi ya lafa sai aibin da yake rufewa ya bayyana. Tsirkiyoyi sun yi nisa da wuya, yatsuna na zogi, kuma ko na saita jitar daidai a sake, da na hau gaɓoɓin sama, wato wuraren danna tsirkiya a wuya, sai ta fara ƙarya. Ga hunturu ya shigo, katakon wuyan ya bushe ya tsuke, bakunan ƙarafan gaɓa suka leƙo suna karce min tafi. Mai shagon ya haɗa ni da wani da ke kaɗa wa majami'a a Sabon Tasha, gwanin salon Kwango, irin wanda yatsu ke tsere a can ƙasan wuya. Na same shi ranar Asabar sun gama gwaji.

"Oga, a taimaka," na ce. Ya runtse ido ɗaya ya leƙa wuyan daga kai kamar kafinta na duba katako. "Malam, wuyan nan ya zama baka." Ya tsige tsofaffin tsirkiyoyin ya sa sababbi masu lamba 9 zuwa 42, ya ce ba a saiti da tsohuwar tsirkiya. Ya kuma ce abin bi da bi ne: wuya tukuna, sannan tsayin tsirkiya, sannan gaskiyar sauti, fikof a ƙarshe. Wanda ya fara ta baya aiki biyu zai yi.

A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe daga kai zuwa gindi, ita ke ja-in-ja da tsirkiyoyi. Ya danne tsirkiyar kauri a gaɓar farko, ya sa na danne ta a ta ƙarshe, muka duba tazarar da ta rage a gaɓa ta 8. Kamata ya yi ta zama kusan kwatan milimita. Shi da ido yake aunawa. Ni kuwa na laluba aljihu na ciro katin biki mai giram 250, wanda na san kaurinsa bai wuce haka da yawa ba. Kati uku suka shige a tawa jitar. Ya sa alanki ya murɗa dama, kwatan zagaye kacal, ya jingine jitar ya aiki yaro ya sayo mana lemo. Na ƙosa, ya lura. Ya ce katako ba ƙarfe ba ne, sai an ba shi lokaci ya yarda, masu gaggawa ne ke tsinke sandar, in ko ta tsinke sai sabon wuya. Sau uku muka yi haka kafin kati ɗaya ya shiga da ɗan guga.

Jakin na da sirada shida, kowace tsirkiya da nata. Ya sauke su har tazarar ta dawo tsakanin milimita ɗaya da rabi da biyu a gaɓa ta 12. Sai maganin ƙarya. Tsawon tsirkiya daga kai zuwa sirdi a wannan ƙira milimita 648 ne, gaɓa ta 12 kuma ita ce rabi, don haka sautinta dole ya zama na sakakkiyar tsirkiya sak, sai dai a sama. Da manhajar saiti ta waya muka bi su ɗaya bayan ɗaya: wadda ta haura a gaɓa ta 12 a ja sirdinta baya ta ƙara tsawo, wadda ta gaza a turo shi gaba. Fikof na wuya ya ɗan sauke shi, don maganaɗisu in ya matso da yawa yana jan tsirkiyoyin kauri su riƙa rawar murya. Bakunan ƙarafan ya bi su da ƙaramin magagari. Ya ce in shirya, da damina katako zai sha danshi, sai an sake murɗawa.

Kafin in tafi ya kaɗa ta na minti biyu, ba feda ba komai. Na saki baki. Jitar da na yi wata biyu ina zargi ce fa.

Ranar Lahadi na kai wa Ba'abzine ita. Abu na farko da ya yi, ya sa ƙafa ya ture fedar gefe. Na biyu, ya kama tsirkiyar kauri ya ɗaga ta daga sautin E zuwa G, kamar yadda makaɗansu da yawa ke yi. Nan take sauran biyar suka sauka, domin ɗaga tsirkiya da wannan tazara yana ƙara janta da kusan kashi 40 cikin ɗari, ƙarin kuma ya ɗago jakin da ke reto a kan sifirin. Muka buɗe baya muka ɗaure sukurori biyun da ke riƙe da sifirin har jakin ya kwanta a jikin katako. Sandar girgizar na cire na jefa a jaka, har yau tana can.

Ba ya amfani da fik, ɗan robar da ake kaɗa tsirkiya da shi. Babban yatsa na dukan tsirkiyar G ɗin a sake ba fashi, kamar mai daka, ɗan ali kuma na shafar sirara gaba da baya. Hannun hagu ba ya yawo. Sauti biyar ne rak, irin waɗanda kunnen Bahaushe ya saba da su a garaya da gurmi, amma tsakanin bugu da bugu yatsa na sara a kan gaɓa ya fizge, ya sara ya fizge, sau uku sau huɗu a bugu guda. A jitar katako wannan adon yakan mutu kafin ya isa kunne. A ta lantarki kowane motsi fita yake, har wanda ba ka yi niyya ba, kuma nan wahalata ta taru. Tsirkiyoyin da ba na kaɗawa sai gunaguni suke. "Ƙanena, hannunka na da surutu," in ji shi, yana ɗaga buta sama yana zuba shayi. Ashe rabin aikin hana sauti ne: gefen tafin dama ya jingina kan waɗanda ba a buƙata, cikin yatsun hagu ya rufe na ƙasa. Na tuna Dan Maraya Jos, da ya rasu a 2015. Tsirkiya ɗaya ce a kuntiginsa, ya cika ƙasar nan da ita, ni ga shida sun gagare ni tsawatarwa.

Wani abu na lura da shi a wannan zaman. Ƙugin wutarmu na sau 50 a daƙiƙa dab yake da sautin G na can ƙasa, wanda ke kan 49. Tsirkiyar kaurin da muka ɗaga tana kan 98, ninkin ƙugin yana kan 100. In ragowarsa ta haɗu da ita sai ka ji suna 'yar kokawa, wuu-wuu, sau biyu a daƙiƙa. Ba'abzine ya ce in ƙyale shi, ɗan amshi ne na samu kyauta.

Wata uku ban taka feda ba. Da na koma mata, maɓallin kaushi ban wuce kwata da shi ba, na ƙara ne na ɗaga. A haka take rage nauyin ƙasa ta turo tsakiyar sauti gaba, saran yatsa ya fito fili ko da ana dukan ƙwarya. Daga baya na sami ta amsa-kuwwa, ta hannu. Jerin shi ne jita, kaushi, amsa-kuwwa, amfilifaya. Sau ɗaya na gwada sa amsa-kuwwa a gaba, komai ya dame ya zama kunu. Masu son amsar ta hau kan kiɗa suna raba 60,000 da yawan bugu a minti, wato kiɗa mai bugu 120 amsarsa na kan milisakan 500. Oga na Sabon Tasha haka yake yi kuma yana masa kyau. Ni gajera nake sawa, wajen milisakan 120, maimaici ɗaya, domin a wannan salon adon yatsu ya riga ya cika wurin, doguwar amsa tattake shi take yi.

Fitata ta farko bikin abokin aikina ne a Badarawa, an kafa rumfa a tsakar gida, Ba'abzine na kan ƙwarya. Ana dab da farawa aka ɗauke wuta, aka tada ƙaramin janareta. Ƙugi ya dawo, kuma wannan ba ya zama wuri ɗaya, in firjin gidan ya ja wuta ya sauka, in ya saki ya hau. Makirfo kam ban yarda na kusance shi ba tunda hannuna na kan tsirkiya, janaretan kuma babu atin. Fedojin na bar su a kan batir, na tura taransifoma iya tsawon waya, na mayar da makunni zango na huɗu, na riƙa juyawa a hankali kamar mai neman sabis har na dace da kusurwar da ya yi shiru. Kusurwar ta fuskanci katanga da randunan ruwa. Haka na yi kiɗan, rabin bayana ga jama'a. Mata suka ɗauka kunya ce, suka yi ta guɗa. Wata tsohuwa, gwaggon ango, ta taso ta manna min naira ɗari biyu a ƙeya tunda goshin bai samu ba, tana tambayar ango ɗan gidan wane ne mai garayar nan.

A kiɗa na huɗu siririyar tsirkiya ta tsinke a tsakiyar sara. Da jakin na reto kamar da, da duk sauran sun watse, amma yana kwance a kan katako, ko gezau ba su yi ba. Na ƙarasa da biyar. Ba ni da ta canji, tunanin saya ma bai taɓa zuwa min ba.

Ranar Litinin kafin in buɗe shago na sake haye gada da kuɗin liƙin, na sayo fakiti biyu, na biyo ta Panteka na ajiye wa Baba goro. Ya tambaye ni ko ƙudan zuman sun tashi. Na ce saura kaɗan, suna zango na ɗaya da na uku da na biyar. Ya ɓare goron ya ce in kawo masa taransifomar wani satin, akwai wani akwatin ƙarfe mai kauri da ya gani wajen masu walda, yana so ya gwada sa ta a ciki.